Shafukan da Ban Rufe Ba

Litinin, 20 ga Nuwamba, 2023
Kwamfutar ofis ta sake yi mini. Da na buɗe burauza sai komai ya tsaya, har wurin buga rubutu. In danna harafi, in kurɓi ruwa, sannan ya fito. Jarrabawa ta matso, tambayoyin malamai sun taru a teburina. Madam Scholastica, mai makarantar, ta leƙo ta ce, "Malam Ubale, kwamfutar ce ta tsufa ko mai ita?" Na yi dariya don ta yi.

Talata, 21 ga Nuwamba
Na bi abin daki-daki. Na zare filas ɗin ajiyar fayil, na kashe na kunna, na nemi bairos babu, na share tarihin burauza, na hure ƙurar fanka. In ba burauza, gudu take. In da burauza, fanka ta kama kuka. To laifin ba nawa ba ne. Ko dai nawa ne?

Laraba, 22 ga Nuwamba
Madam ta ce in tambayoyin ba su fito ran Litinin ba, za ta kai su shagon buga takardu na ƙofar jami'a. Ba ta ƙarasa ba, amma na ji sauran. In ana bugawa a waje, me za a yi da mai bugawa a ciki? Ba inda za a kai aikina.

Alhamis, 23 ga Nuwamba
Jonatan, malamin addinin Kirista, ya san inji. Ya danna wasu maɓallai, wani akwati ya fito yana nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfutar. Burauza ce ta cinye kusan duka. Ya dubi saman allon, shafuka a matse kamar fasinjojin motar Mararaba.

"Oga, duk waɗannan fa? Tun yaushe?"

Na ce tun bara. Ni na saita ta riƙa dawo da su duk sanda aka kunna.

Ya kai kibiya kan alamar sokewa, ɗan X ɗin nan na jikin kowane shafi, na riƙe masa hannu. Ayoyi ne. Malam Dabo na addinin Musulunci yana son Larabcinsa da wasali cif, daga can nake kwafo masa. Tun muna yara in mun ga takarda mai sunan Allah a ƙasa muke ɗaukewa. Yau kuma in soke aya ta ɓace kamar shara? Na ce masa naka na Zabura ma ga su nan, ban taɓa ba. Ya ce, "Na gode, oga. Amma injin nan ba zai ɗauka ba."

Juma'a, 24 ga Nuwamba
Ba zan soke ba. A ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa mana. Madam ta ce ba wannan zangon ba. Wuni guda ko tambayoyin lissafi na aji ɗaya ban gama ba.

Asabar, 25 ga Nuwamba
Na shigo aiki duk da hutu ne. Malam Dabo ya kawo gyaran tambayoyinsa, na zayyana masa komai, ina jiran ya ce na kyauta. Ya daɗe yana kallon allon.

"Ubale, in ka gama karatu a gida, a buɗe kake barin Alƙur'ani?"

Na ce haba Malam, a kan wannan Inna ta sha ja mana kunne.

"To ga naka nan tun bara a buɗe, ba mai karantawa."

Na ce wannan gogewa ce, ba rufewa ba. Ya ce shi bai san inji ba, in rufe ɗaya in neme shi mu gani. Na ce ba yau ba. Ya ɗauki hularsa yana murmushi. Murmushin ne ya fi ba ni haushi.

Lahadi, 26 ga Nuwamba
Ai ba shi zai danna ba.

Litinin, 27 ga Nuwamba
Tambayoyin duka na kan teburin Madam kafin a tashi. Ta ce, "Ta warke ke nan?" Na ce wataƙila ƙurar fankar ce.

Da alwala na zo ofis, amma dama na saba. Shafi ɗaya kawai na ce zan gwada. Na karanta ayar da ke sama har ƙarshe, na danna, na sake nemo ta. Tana nan, ko wasali bai gusa ba. Sauran na adana adireshinsu tukuna, sannan na rufe. Na Zabura kuwa Jonatan na kira ya rufe da hannunsa.

Har yanzu ban yarda da alamar nan ba. Wanda ya zana ta bai yi tunani ba.

Ofis ya yi shiru. Na manta haka fankar take.