Kwalaben da Ka Aiko wa Dada

Yalwawa, Dutse,
14 ga Nuwamba, 2000.

Zuwa ga ƙanena Uwaisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zulfa da yara. Ya zafin Jidda, ya kuma zaman shago? Allah ya yi albarka, ya tsare mana ku. Mu nan sai godiya. An gama yankan gero a Jahun, Baffa Idirisu ya ce bana an samu, dawa ce kawai ruwa ya ɗauke mata da wuri. Jar saniyar nan ta Dada ta haihu, mace. 'Yata Madina ta shiga aji shida, ni kuma ina nan ina fama da 'yan makarantata kamar kullum.

To, yanzu ka gyara zama, don ba labarin gero ne ya sa na ɗauki biro ba. Raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Saƙonka ya iso ta hannun maƙwabcinmu Alhaji Ɗayyabu: jarkar zamzam, dabino, kaset ɗin muryarka, da ƙananan kwalabe shida na man ƙamshi, har da na kanumfari da na na'a-na'a. Na san don Allah ka yi, na san kuma zaman nesa da uwa tana ciwon daji ba ƙaramin abu ba ne. Amma Uwaisu, ina hankalinka ya tafi? Ka cika kaset fuska biyu da gaisuwa da addu'a, har kajin gida sai da ka gaisar, ka ce ga magani nan daga ƙasa mai tsarki, in sha Allahu Dada ta warke. Amma ko da kalma ɗaya ba ka faɗi yadda ake amfani da shi ba. Kai ba baƙon gidanmu ba ne. Ka san duk abin da ya fito daga can da rubutun Larabci a jikinsa, mu sha muke yi don albarka. Ko ka manta shekarar da Baffa ya dawo aikin Hajji, Goggo Iyatu ta zuba man ciwon gwiwa a shayi?

To, ita dai wannan Goggon ce ta karɓi saƙon, don ina makaranta lokacin da ya iso. Tun da aka yi wa Dada aiki aka dawo da ita gidana, Goggo ta zo daga Kafin Hausa tana taya ni jinya, Allah ya saka mata. Ba ta gaya mini komai ba. Safe da yamma sai ta ɗiga mai a cikin zamzam ta ba Dada ta sha, na kanumfarin kuma ta riƙa shafa mata shi tsurarsa a kan wurin ɗinkin. Sai a kwana na huɗu na gane, da Dada ta ce cikinta na ƙuna, na kuma zo taimaka mata da wanka na ga fatar wurin ta yi jawur har ta tashi. Da na yi magana, Goggo ta ce ai zafin nan shi ne alamar magani ya gamu da cuta. Wallahi sai da na fita tsakar gida na tsaya, don kada in faɗi abin da ba a faɗa wa babba.

Ƙunar fata ta warke, wannan ba ita ce damuwata ba. Ka san likitan Kano ya ce sau shida za a ƙara wa Dada ruwan maganin nan ta jijiya, duk bayan sati uku. An yi uku. Kai a waya kake jin an yi, ni ce nake riƙe da roba tana amai tun daga Wudil har gida. Gashinta duk ya zube, ko jikokinta ba ta yarda su gan ta ba ɗankwali. Abinci kuwa ta ce ɗanɗanon ƙarfe yake mata. Mutumin da ke cikin wannan hali, aka ce masa ga magani daga wajen Ma'aiki, me kake zaton zai yi? Ranar zuwa na huɗu maigidana Malam Sani ya kawo mota har ƙofar gida, Dada ta ce ba inda za ta, ɗanta ya aiko mata da abin da ya fi na asibiti. Ga matan unguwa suna shigowa dubiya suna ƙara zuga ta. Tun da aka ƙaddamar da shari'a kowa ya zama masanin maganin Musulunci, har wadda ko alif ba ta sani ba sai ta ce maka ruwan asibiti guba ne.

Ni kaɗai na tafi Kano da kwalabenka a leda, ina jin kunyar fito da su. Likita bai yi dariya ba. Ya haɗa ni da wata nas, Sista Bilki, ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya ta shinshina, ta ce mai ne mai kyau, amma ba a shan sa, ba a kuma kai shi kusa da ɗinki. Ta ce ɗigo biyu ake sawa a cokalin man zaitun a matsa wa mara lafiya ƙafafu da hannuwa, na na'a-na'a kuma a ɗiga a hankici ta riƙa shaƙa in zuciya na tashi. Likita ya ce duk wannan yana sauƙaƙa wahala, amma ba ya taɓa ita cutar ko kaɗan. Ya sa mana sabuwar rana, Litinin ashirin da bakwai ga wata, ya ce in aka sake tsallakewa ba zai iya cewa ukun da aka yi sun amfana komai ba.

Gaskiya kuma ba zan ɓoye maka ba, ko da ina jin haushinka. Na gwada yadda Sista ta koya mini, kuma yana yi. Kullum bayan la'asar ina matsa mata ƙafa, kafin in gama ta yi barci, ita da ta yi wata biyu barci na gagarar ta. Shekaranjiya har fura ta nema da kanta. Amma ka san abin da ta ce? Wai to ga shi nan, maganin Uwaisu na aiki, me za ta je yi Kano. Ka ga inda ka jefa ni. In daina shafa mata, ta wahala, in ci gaba kuma, ina ƙara mata hujja.

Na lallashe ta, na yi kuka, Baffa ya taso tun daga Jahun, limamin unguwa ma ya zo ya gaya mata neman magani a asibiti ba rashin tawakkali ba ne. Duk ta saurare mu, ta ce Uwaisu ne ya aiko, in Uwaisu ya ce ta je, za ta je. Ni da nake wanke ta nake ɗaga ta, maganata ba ta kai ta kaset ba. Kullum sai ta sa an kunna mata shi har batir ya mutu. Ba kishi nake ba, kai ne autanta, haka kuke tun kana goye. Amma abin ya yi mini ciwo, kuma gara in faɗa.

Saboda haka ga abin da nake so. Alhaji Ɗayyabu zai taso umara ranar Alhamis, shi zai miƙa maka wannan takarda. Ranar Juma'a ashirin da huɗu ga wata, ƙarfe huɗu agogonmu, shida naku, ka bugo wayar gidansa. Zan kai Dada can mu zauna mu jira. Don Allah ban da dogon jawabin nan naka. Ka gaya mata da bakinka cewa man nan na shafawa ne da shaƙa, ba ya warkar da ciwon, kuma kai kana so ta koma asibiti ranar Litinin. In layi ya ƙi, ka sake bugowa, ka yi ta bugowa har ya shiga.

Ka gaishe da Zulfa, ka ce na ga atamfa na gode. Ka shafa mini kan Zuhair da Hadiyya. Malam Sani da Madina suna gaishe ku, Baffa ma haka. Goggo Iyatu ta ce in gaishe ka, wai ka ƙaro na kanumfarin. Kada ka kuskura.

Na riga na haɗa jakar tafiya Kano, na sa hankici da kwalbar na'a-na'arka a ciki don hanya. Komai ya kammala, Dada kawai ta rage, ita kuma muryarka take jira. Kada ka bar mu zaune gaban waya, Uwaisu.

Wassalam.

Addarka,
Hindatu