Ranar da Inna ta faɗi sunanka

Zuwa ga yayana Isuhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahama inda kake kwance. Na san wasiƙa ba ta isa kabari, amma akwai labarin da kai ka fi kowa cancantar ji, ni kuma na kasa riƙe shi a ciki.

Ka san halin Inna. Kai ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife ka sunanka bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan" take ce maka. Ina tuna yadda kake tsokanarta: ta ce "kai wancan", ka yi kunnen uwar shegu, kana tambayar wa ake nufi a cikinmu. Wata rana ta jefe ka da ludayi, ka tsere kana dariya, kana rantsuwa sai ka ji sunanka a bakinta kafin ka mutu.

Ba ka ji ba, Yaya.

Ranar da kuke dawowa daga wajen Dogon Kiriya cikin motar kasuwa, kai da ita da buhunan wakenka, mutane a kan babura suka tare hanya. Suka ware matan gefe, suka jera ku maza. Sauran ka fi ni sani. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka rufe ku a rami ɗaya kafin rana ta faɗi. Inna ta iso gida ba takalmi, ta ce mana wancan ya riga mu, daga nan ta kama bakinta.

Bayan damina wata lauya ta zo daga Yamai, tare da masu tattara shaida kan cin zarafin ɗan Adam. Ta bayyana mana cewa a dokar da ƙasashen duniya suka amince da ita, kisan gillar mutanen da ba su riƙe makami ba laifi ne da ba ya tsufa, ko shekara nawa ya yi. Amma alƙali ba ya hukunci da "an ce". Sai wanda ya gani da ido ya faɗi abin da aka yi da wanda aka yi wa.

Sauran matan da ke motar duk sun ƙi ba da shaida, kuma ban ga laifinsu ba, don masu baburan suna da kunnuwa ko'ina. Kawu Garba ya ce a bar wa Allah. Ka san bakina. Na ce masa Allahn da za a bar wa Shi ne Ya hana ɓoye shaida. Har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau.

 Inna kuwa mayafinta kawai ta ɗauka, ta ce in raka ta wajen lauyar.

Ta ba da labarin tiryan-tiryan. Sai lauyar ta tambayi sunan mamacin. Na yi caraf zan faɗa, ta dakatar da ni cikin ladabi, ta ce dole ya fito daga bakin mai shaida. Raina ya ɓaci, Yaya. Na ji haushin dokar da ta san haƙƙin mutum amma ba ta san kunyar uwa ba. Na riga na miƙe don mu tafi.

Inna ta riƙe gefen zanena. Sannan ta dubi lauyar, ta ce:

"Ɗana na hwari na. Sunanai Isuhu. Gabana sunka halbe shi, ba ya riƙe da komi."

Ta sake faɗin sunan, ba tare da an tambaye ta ba. A nan ne na fashe da kuka.

Ba zan yi maka ƙarya ba, har yanzu ba a kama kowa ba. Lauyar ma ba ta yi mana alkawari ba, ta ce irin wannan shari'a tana jan lokaci, mai yiwuwa Inna ba za ta ga ƙarshenta ba. Amma in ranar ta zo, ba za a ce "wasu mutane" aka kashe a hanya ba. Za a kira ka da sunanka, kamar yadda mahaifiyarka ta faɗa.

Yanzu in ta idar da sallah ina jin ta tana ambaton sunanka a hankali cikin addu'a. Kowane lokaci sai in waiwaya wajen ƙofa, ko zan gan ka tsaye kana dariya, ka ci nasara a kanta.

Allah Ya jiƙan ka da waɗanda kuke kwance tare. Allah Ya tona asirin waɗanda suka yi muku haka tun a nan duniya. Allah Ya haɗa ka da Inna a Aljanna, ta kira ka, ka amsa.

Ƙanwarka mai kewarka,
Rabi, Dogon Dutsi