Obinna Ya Tashi, Ɓarawon Yana Nan

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Tsaron Unguwarmu, Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da unguwa.

Ranka ya daɗe, ni ce Malama Asabe, matar marigayi Malam Lawal, wadda ta yi ritaya daga koyarwa a firamare. Na taka har gidanka don mu yi maganar nan a zaure, aka ce ka fita. Na koma, aka ce kana hutawa. To, tunda a gaban jama'a aka yanke hukuncin da nake kuka da shi, bari in kai kukana gaban jama'a.

Maganar Obinna ce, ɗan hayana da kuka tasa. Ga wanda bai san shi ba, haifaffen Sabon Gari ne, can mahaifinsa ya yi aikin kafinta har ya rasu, can kuma shi yake da shagon gyaran janareta. Bara kafin azumi ya kama ɗakunan waje na gidana, saboda matarsa Ngozi ta sami aikin koyarwa a Palladan. 'Ya'yana duk suna Kaduna, ni kaɗai nake zaune. Ranar da hawan jini ya kayar da ni a tsakar gida, Ngozi ce ta tallafo ni, mijinta ya kai ni asibiti. Na faɗi wannan ne don ka san abin da ke tsakanina da su. Na sani sarai cewa kyautata mini da suka yi ba shaida ba ce a kan sata. Mutum yana iya kai tsohuwa asibiti kuma ya zama ɓarawo. Abin da nake nema shi ne a auna hujjojinku da irin wannan ma'aunin.

Da sace-sacen janareta da batirin sola suka yi yawa, kun kira taro a filin makaranta bayan la'asar. Ina zaune a baya cikin mata lokacin da Malam Tanimu, shugaban 'yan sintiri, ya miƙe ya ce ba sai an wahala ba, mai nuna wa ɓarayi hanya yana cikinmu, ya kuma kama sunan Obinna. Na ɗaga hannu, ba a ba ni dama ba. Kafin magariba an gama, an ce ya bar unguwa kafin ƙarshen wata. Ga abin da aka dogara da shi, ga kuma inda ya kasa shiga kaina.

Na farko, an ce sata ba ta fara ba sai bayan zuwansa. Alhaji, shekarar da mijina ya rasu aka kwance mini awaki daga turke, kuma kai na kawo wa ƙara, ka ce in yi haƙuri. An sha kwashe shanyar mata da kekunan yara a layinmu tun Obinna bai san hanyar gidana ba. Abin da ya zama sabo shi ne ɓarawo ya fara shiga gidajen manya. Ko da ma a ce bayan zuwan nasa aka fara, shi kaɗai ne ya zo? A waɗannan watannin ne transfomarmu ta ƙone, kowa ya sayo janareta ya ajiye a ƙofar ɗaki. A lokacin ne aka buɗe sababbin gidajen kwanan ɗalibai a bayan layi, baƙin fuska suna shige da fice. A daminar ne kuma katangar da ke wajen kwalbati ta faɗi, har yau ba a tayar ba. Ban ce ɗalibai ne ba, ban ce katanga ce ba. Tambayata ita ce, cikin duk abubuwan da suka zo tare, me ya sa aka tsinci mutum ɗaya aka bar saura?

Na biyu, an ce sana'arsa ce, ya san gidajen da ke da janareta. Janareta ba ya ɓuya. Da an ɗauke wuta, ina daga gadona ina iya faɗa maka na wane ne ya tashi. Mai ruwa ya sani, masu sayar da fetur a galan sun sani, 'yan sintiri da ke zagaya layi sun fi kowa sani. Malam Tanimu ya lissafa gidajen da Obinna ya taɓa yi wa gyara kuma aka shiga, jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Ba wanda ya tambaya gidaje nawa ya yi wa gyara ba a taɓa su ba, alhali kusan rabin layin shi ke yi musu, har da gidanka. Ba wanda ya tuna da Malam Bitrus, wanda Tudun Wada yake kai nasa gyara, amma aka ɗauke masa janaretan ranar da suka tafi biki.

Na uku, an ce ƙin zuwansa taron alama ce ta rashin gaskiya. Wa ya gayyace shi? A masallaci aka yi sanarwa, sannan aka aika wa masu gidaje. Shi Kirista ne kuma ɗan haya. Ni da aka aiko wa, cewa aka yi taron gyaran transfoma ne, shi ya sa ban ce masa ya rufe shago ya zo ba. Ina kuma da yaƙinin da ya zo, da an sami mai cewa leƙen asiri ya kawo shi.

Na huɗu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan tashinsa an yi 'yan makonni shiru, Malam Tanimu ya riƙa bin majalisu yana cewa ai ga shi an gani. Bai faɗi cewa a makonnin ne aka ƙara 'yan sintiri ba, kowa kuma ya ja janaretansa cikin ɗaki ya sa sarƙa. Makon jiya aka fasa kemis ɗin bakin titi aka kwashe batira. Na ɗauka yanzu za a ce an yi kuskure. Sai na ji an ce ai yaransa ya bari a baya. Wato in sata ta tsaya, shi ne. In ta ci gaba, shi ne. Don Allah, Alhaji, ka faɗa mini abu guda da zai faru a unguwar nan wanda zai wanke mutumin nan. In babu, to ba bincike kuka yi ba, kun riga kun yanke hukunci ne kuka koma neman abin jingina shi.

Obinna bai jira ƙarshen watan ba, domin yara sun fara bin 'ya'yansa suna kiransu 'ya'yan ɓarawo. Ranar da ya ɗora kayansu a akori-kura, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Mama, da wurin 'yan sanda suka kai ni da ya fi mini. Can aƙalla za a tambaye ni.” Yanzu suna cunkushe a ɗaki ɗaya wurin yayansa a Unguwar Gabas. Labari ya riga shi isa Sabon Gari, masu kawo masa gyara sun fara janyewa. Ni kuma na koma kwana ni kaɗai a gida, wasu maƙwabta sun daina amsa gaisuwata wai na ajiye ɓarawo.

Akwai abin da na daɗe ina juyawa a raina. Kafin a kira taron nan, ƙanen Malam Tanimu ya yi mini sallama, ya ce ya ji ɗakunan waje za su zama babu kowa, yana so ya buɗe wurin cajin waya tunda suna kallon titi. Na ce masa akwai mutane a ciki kuma ba inda za su. Ya yi murmushi ya ce in dai sun tashi in tuna da shi. Washegarin tashinsu ya dawo. Da zan bi hanyar da kuka bi, da tuni na gama ɗinka labari na yaɗa a gidajen biki. Ba zan yi ba, don ban sani ba. Mai yiwuwa zancen ya ji a majalisa, mai yiwuwa dacewa ce. Amma tambaya ce da ta cancanci a yi ta a gaban mutane, a ba shi dama ya amsa: a ina ya ji za su tashi, tun ba a zauna ba?

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya sake kiran taro, a gayyaci Obinna da sunansa, a faɗi abin da ake zarginsa da shi a gabansa. Duk mai shaidar gani da ido, ko wanda ya ga kayan sata a hannunsa, ya fito a kai maganar ga hukuma, ni da kaina zan raka. In babu, a tsaya a filin da aka ɓata shi a ce an yi kuskure, a kuma aika wa mutanen layin shagonsa a Sabon Gari. Ina roƙon a tayar da katangar kwalbati. Ina kuma roƙon daga yau kada a sake yanke wa kowa hukunci a bayan idonsa, mai gida ne ko ɗan haya, ɗan masallaci ne ko ɗan coci. Ɗakunan nan kuwa na rufe su, ba zan ba kowa ba sai an yi wannan zaman.

Ranka ya daɗe, ban rantse cewa Obinna ba shi da laifi ba, Allah kaɗai ya san zuciyar bawa. Abin da na sani shi ne ba ku nuna laifinsa ba, kuma mai ɗauke mana kaya bai daina ba. Abin da ke hana ni sakewa shi ne, watakila ɓarawon yana zaune a filin nan ranar taron, yana gyaɗa kai tare da kowa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci ko da a kan na kusa da kai ne, ya tona asirin mai cutar da mu ko wane ne shi, ya zaunar da unguwarmu lafiya.

Wassalam.

Malama Asabe,
Samaru, Zariya.