Idan Teku Ta Riƙe Ni

Zuwa ga 'yata Ermelinda,

Gaisuwa mai yawa. Yaya yara, yaya ƙafar mijinki? Anacleto mai dafa abincin jirgi ke rubutawa, ni ina faɗa.

Lafiyata ƙalau, kada ki damu. Yau kwanana goma sha shida a jirgin kayan nan, daga ni sai gangunan man zaitun da maza. An ce saura kwana tara mu isa Brazil wurin yayanki. Tarin nan ne dai ya dawo, amma ba sosai ba.

Shekaranjiya zazzaɓi ya kashe wani ma'aikacin jirgi. Ermelinda, a tamfol suka ɗinke shi, suka ɗaura masa ƙarfe a ƙafa, suka tura shi ruwa. Ba fada mai yi masa addu'a, ba ƙararrawar coci. Anacleto wai, "Kaka, kwantar da hankalinki, kifi ba ya cin tsohon nama." Ja'iri, yanzu ma dariya yake.

Idan kun ji wani labari, baƙin mayafina yana cikin akwatin da na bari a gida. Ku binne shi a gefen kabarin babanki. Na yi masa alkawari can zan kwanta.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki,
Deolinda