Zanen Ƙofar Kamatchi

Zuwa ga Yaya Velayoudam, Pondicherry.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da tarin takardunka.

Yaya, ka ce littafin nan da ka rubuta da Faransanci babu wanda ya karanta shi sai 'yan sandan gwamna. To, ga mutane sun gina gari sukutum a kansa, kuma a ciki nake! Tukunya ɗaya, ba mai kuɗi, ba talaka. Kullum da safe ana karanta mana shafi guda. Ni da mijina ya mutu aka naɗe ni da farin zane kamar gawa, yau har fure nake sawa a gashi. Da suka ji ni ƙanwarka ce, saura kaɗan su goya ni.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Maƙwabcinmu Rangan ya kwanta ciwo, aka kai shi gonar kashu wai ya huta. Washegari wani saurayi ya fito daga ɗakinsa, kowa yana ce masa Rangan. Matar Rangan kuwa ta durƙusa ta yi zanen ado da garin shinkafa a ƙofa tana murmushi. Ka san gidan da aka yi rashi ba a yin zanen ƙofa. Kenan ba a yi rashi ba, ko?

Ina ɗan tari, amma ba komai.

Ƙanwarka, Kamatchi.

*

Kamatchi,

Gaisuwa, amma a gurguje. Ke ba ki da hankali ne? Ba'a nake yi! Shekarar yunwa gwamna ya sa aka kwashe mabarata aka zubar bayan gari, sannan ya shelanta cewa babu mai yunwa a ƙasarsa. Shi na zaga. Na ƙirƙiro gari inda ba a mutuwa, saboda duk wanda ya kasa sai a fitar da shi a ba wani sunansa. Na ɗauka ko jaki zai gane. Gonar kashun nan ni na dasa ta da alƙalamina, na san abin da ke ƙarƙashinta.

Kada ki yi tari a gaban kowa. Cusa bakin zane a bakinki. Ki biyo amalanken masu kai gishiri ki dawo, ki sa furenki a gidana, duk wanda ya yi magana ni da shi. Tsoro nake ji, Kamatchi.

Yayanki.

*

Ƙanwata,

Gaisuwa. Ban san wa zai buɗe wannan ba. Da na ji shiru na zo da kaina. Suka tarbe ni da waƙa, wani ya sumbaci hannuna. Na ce musu, "Jama'a, zagi ne fa na rubuta!" Suka yi dariya, shugabansu ya ce, "Malam akwai tawali'u."

Aka nuna mini ƙofarki. Zanen garin shinkafa sabo fil, amma ba irin na Inna da kike yi ba. Wata doguwar mace ta fito sanye da koren zanenki na da, ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Na ce, "Ina Kamatchi?" Ta ce, "Ga ni." Ƙura ta sarƙe ni na yi tari, duk suka juyo suna kallona. Na gudo ko takalmi ban tsaya ɗauka ba.

In kina raye, ki aiko mini ko da furen kanki ne.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yaya Velayoudam.

Gaisuwa mai yawa. Kowa a nan lafiya, kullum lafiya. Na ji ciwon yadda ba ka gane ni ba, amma gajiya ce. Mun ji tarinka. Gobe 'yan'uwa za su zo su ɗauke ka ka huta. Kada ka damu da rubutu, mun sami wani Velayoudam mai kyan hannu.

Ƙanwarka, Kamatchi.