Kofin da Suka Sa wa Sunan Mijina

Anti Noelene, ki taimake ni kafin ranar Asabar, don bakina ya kusa fin ƙarfina.

Bari in fara da yabon kwamitin kulob ɗin hoki na garinmu, wasan nan da ake buga ƙwallo da sanda. Mutanen kirki ne, akwai su da son mamaci. Mijina Desmond, da muke kira Des, ya ƙare ƙarfinsa yana koya wa yara mata hoki kyauta cikin sanyin nan na Tasmaniya, shi ne shata layin fili, shi ne yanka wa 'yan wasa lemo. Da ciwon zuciya ya ɗauke shi, sai ga kofi da sunansa, wai na yarinyar da ta fi kowa gaskiya a wasa. Har hotonsa sun rataya a ɗakin da suka zauna suka sallame shi.

Laifinsa ke nan: a wasan ƙarshe na bara, ƙwallo ta taɓa ƙafar Tahlia, 'yar wasanmu, kafin ta shiga raga. Doka ta hana, amma alƙaliyar wasa ba ta gani ba. Yarinyar ta ɗaga hannu ta faɗa, kamar yadda Des ya koya musu. Aka soke cin, aka doke mu. Iyaye suka ce tsufa ya kama Des, kwamiti ya kore shi daga koyarwa. Ƙawayen Tahlia suka ƙaurace mata har ta ajiye sanda. Shi kuwa duk safiyar Asabar sai ya shiga mota ya zauna, ba ya tayarwa.

Ni 'yar kasuwa ce, tuffa da dankali nake sayarwa, na san mai yabon kaya don ya saye su a banza. An ce ni zan miƙa kofin ranar Asabar ɗin nan. Wa za a ba? Imogen, 'yar shugabar kwamiti. In hau dandamali in tona musu asiri, ko in yi zamana a gida?

Matar Des

*

Matar Des, sannu da rashi. Fushinki yana kan hanya, ba zan ce ki haɗiye shi ba.

Amma Imogen yarinya ce, ba da ita aka yi zaman korar ba. Idan kika yi musu tas a gabanta, ita za ta kwana da kunyar, an sake yin wata Tahlia ke nan. Idan kuma kika ƙi zuwa, za su ce baƙin ciki ne ya hana ki, su ba da labarin Des yadda ya yi musu daɗi.

Ki je. Kafin nan ki leƙa gidan su Tahlia, ki nemi izininta da na iyayenta. In sun yarda, ki faɗa wa taron abin da ta yi a wasan nan da yadda mijinki ya yi alfahari da ita, ba tare da kin ambaci kwamiti ba. In ba su yarda ba, ki faɗi abin da yake koyarwa, ki bar sunanta. Sannan ki miƙa wa Imogen kofin da sakin fuska.

Ina miki fatan ƙarfin zuciya da sauƙin wannan rashi. Su kuma 'yan kwamiti, a gaban 'ya'yansu, tafi za su yi ko kallon takalmansu?

Anti Noelene