Hudar Ƙugiya a Bakin Kifi

Yaya Hasna,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? Mu nan ƙasar waje, a Danau Kota, lafiya lau, kada ku damu.

Kullum Baban Rayyan sai ya ce ya tafi jami'a, ya dawo da kifi, wai a kasuwa ya saya. Jiya ina gyara kifin na ga sabuwar hudar ƙugiya a bakinsa. Ni 'yar Yawuri zai yi wa haka? Na buɗe but ɗin mota, sai ga sandunan fatsa. Da na tsare shi, ashe tun bara aka sallame shi daga karatu, a tafki yake wuni.

Yaya, aikina na bari na biyo shi. Kada Inna ta ji tukuna. Kifin na soya wa yara, ni dai na kasa ci.

Ƙanwarki,
Zulaihatu